Gandu da Gayauna: Makomar Manya Masu Galahanga Marar Tsanani



Da aka aiko mini da takardar gayyata an bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kansa, sai na zaɓi wata tambaya wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Wadda ta yi mini ita kuwa ba ta taɓa shiga aji ba. Matar baffana ce, tsohuwa, a Mandera ta ƙasar Shagari. Wata rana na je gaishe ta, muna zaune a tsakar gida, sai ta nuna mini ɗanta da haɓa, yana can yana ba awaki dusa, ta ce, "Kai da ka yi boko, in na mutu wa zai riƙe shi?"

Ɗan nan nata ya ba shekara talatin baya. Lafiyarsa lau, yana magana, yana karatu da rubutu, ya kuma haddace abin da ya fi nawa daga Alƙur'ani. In ka tambaye shi nawa aka sayar da mudun gero a kakar shekara bakwai da ta wuce, zai gaya maka, har da ranar. Amma ba ya duban idon mutum, ba ya zama majalisa, ƙarar injin niƙa kuwa takan sa ya toshe kunnuwansa ya bar unguwar. Ba ya gane habaici, ba ya gane wasan taubasai. In an ce masa ya je ya duba ko ruwa ya tafasa, sai ya dawo ya ce ya tafasa, ya bar shi kan wuta, domin ba a ce ya sauke ba. In aka sauya masa wurin tabarmarsa, ranar nan duka ba shi da sukuni. Har ya kai waɗannan shekaru bai taɓa riƙe naira dubu wadda za a ce tasa ce ba. Na tabbata kowane ɗayanku, in ya yi tunani, zai tuna da wani mai kama da shi a garinsu. Wasu mukan ce da su miskilai, wasu dolaye, wasu kuma a ce iska ce ta shafe su tun suna goye.

Likitoci suna kiran wannan hali otizim, gidajen rediyonmu kuwa sun fi kiransa galahanga. Ni kaina kalmar ba ta kwanta mini ƙwarai ba, domin a bakin jama'a tana ɗauke da ƙanshin zagi, amma da ita aka saba, da ita za mu yi. Wani likita mai suna Leo Kanner, na asibitin Johns Hopkins a Amurka, shi ya bayyana halin a shekarar 1943 bayan ya lura da yara 11. A 1944 Hans Asperger ya rubuta labarin wasu yara a birnin Biyana waɗanda bakinsu ya buɗe sarai, suna da kaifin basira, amma hulɗa da mutane ta gagare su. Wata likita Baturiyar Ingila, Lorna Wing, ta farfaɗo da aikinsa a 1981, har aka riƙa kiran marar tsananin da sunan Asperger. Daga 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta haɗe su duka a suna ɗaya, ta kasa su mataki uku bisa yawan taimakon da mutum yake bukata. Waɗanda nake magana a kansu yau su ne na mataki na farko. Wani ƙiyasi na 2022, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi aiki da shi, ya nuna kusan yaro 1 cikin 100 ne yake da galahanga. To, yaran nan girma suke yi. Da halin ake haihuwar mutum, da shi kuma yake tsufa, gado yana da hannu babba a ciki. Ba rashin tarbiyya ke kawo shi ba, ba kuwa allurar rigakafi ba. Takardar da ta yaɗa wannan zargi a Ingila a 1998, mujallar da ta buga ta ta janye ta a 2010.

Yanzu sai mu zo ga abin da Turawa suke nufi da mutum ya riƙe kansa. Kada wanda ya yi gaggawar fassara shi da "zaman kai", domin kun san abin da Bahaushe yake nufi in ya ce mace tana zaman kanta. Wannan tunani ya yi ƙarfi ne a garin Berkeley na Amurka, inda wasu ɗalibai naƙasassu, da Ed Roberts a gaba, suka kafa cibiya a 1972 suna cewa su za su zaɓi inda za su zauna da wanda zai taimake su. Daga baya maganar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, sashe na 19, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2010. Sashen bai ce mutum ya zauna shi kaɗai ba. Ya ce ne yana da ikon zaɓen mazauninsa da abokan zamansa kamar kowa, a kuma ba shi taimakon da zai hana a ware shi daga jama'a.

Na jaddada wannan ne domin mu 'yan boko muna da wata cuta, watau da mun ji abu daga Turai sai mu ɗauko shi da kwanonsa. In muka ce riƙon kai shi ne saurayi ya kama ɗakin haya shi kaɗai a birni, yana dafa abincinsa, to a Mandera ba mai riƙe da kansa, har da dagaci. A can kowa cikin gida yake, kowa yana ci daga rumbun wani, wani yana ci daga nasa. Abin da ake auna cikar mutum da shi daban ne: yana da ɗakinsa, yana da sana'ar da aka san shi da ita, kuɗinsa na hannunsa, in za a yanke shawara a kansa ana tambayarsa. Da wannan mudu nake so mu auna.

Kakanninmu kuwa sun riga sun bar mana hanyar kai mutum ga wannan matsayi. A tsarin gandu, 'ya'ya suna noma gonar gida tare a ƙarƙashin maigida, shi kuma yana ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu aure. Amma kowane saurayi akan yankar masa gayauna, ƙaramar gona tasa ta kansa, wadda yake nomawa da yamma ko a ranakun da aka sake shi. Abin da ya samu a ciki nasa ne. In ya yi ƙwazo ya gani, in ya yi lalaci ya gani, in an cuce shi a kasuwa ya koyi darasi, duk da haka ba zai kwana da yunwa ba, domin rumbun gandu na nan. Makaranta ce ta riƙon kai wadda aka yi mata shinge. Laifinmu shi ne irin ɗan baffana ba ma yankar masa gayauna. Mukan bar shi cikin gandu har furfura, yana yin aikin da ya fi na kowa, ba ya gajiya, ba ya ƙorafi, muna ce masa "yaron nan" alhali ƙannensa sun aurar da 'ya'ya. Muna kiran wannan tausayi, amma in mun faɗi gaskiya akwai jin daɗin samun ɗan ƙodago na banza a ciki. Ga shi kuma gandun kansa yana watsewa: gonaki suna ƙanƙancewa da rabon gado, samari suna tafiya cin rani. Ranar da maigida ya faɗi, aka kasa gona, wanda bai taɓa riƙe komai ba shi ne zai tashi a tutar babu.

Bari in ba ku labarin wani mutum daga nesa, domin ya yi kama da namu fiye da yadda kuke zato. Cikin yara 11 da Kanner ya rubuta, na farko shi ne Donald Triplett, wanda aka haifa a 1933 a wani ƙaramin gari mai suna Forest, cikin jihar Mississippi. Yana ɗan shekara uku zuwa huɗu aka kai shi wani gidan ajiye yara, kamar yadda likitocin lokacin suke ba da shawara. Ya ƙara lalacewa a can, iyayensa suka ɗauko shi a 1938. Da ya ɗan tasa sai suka kai shi riƙo wurin wani manomi da matarsa, ba nisa da garin. Kanner ya ziyarce shi a gonar a 1945, ya ga abin da ya ba shi mamaki. Yaron yana da jarabar aune-aune, sai manoman nan suka sa shi haƙa rijiya yana gaya musu zurfinta. Yana da jarabar ƙidayar kunyoyin masara, ƙirga ya sake, sai suka ba shi doki da garma suka ce ya ƙirga yana huɗa. Ba su yi yaƙi da halinsa ba, ɗaure shi suka yi a jikin aiki kamar yadda ake ɗaura wa sa garma. Su kuwa ba su karanta ilmin halayyar ɗan Adam ba.

Donald ya gama kwaleji a 1958 da digiri a harshen Faransanci, ya koma garinsu ya kama aiki a bankin Forest, ya shekara sama da 60 a ciki. Ya koyi tuƙin mota, ya yi yawon ƙasashen duniya shi kaɗai, bayan rasuwar iyayensa kuma ya ci gaba da zama a gidansu. Ya rasu a watan Yuni na 2023 yana da shekara 89. Kada in ɓoye muku, iyayensa masu hali ne, danginsa suna da hannu a bankin, an kuma ajiye masa dukiya ta amana. Amma akwai abin da kuɗi ba su saya masa ba, watau mutanen garin sun san shi tun yana yaro, sun san abin da yake so da wanda ba ya so, sun ɗauke shi nasu, ba sa barin baƙo ya yi masa wulaƙanci. Wannan kam Mandera ta fi kowane birni arzikinsa. A ƙasarmu ma an taɓa gwada ƙarfin ƙauye: a 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara saukar da masu taɓin hankali tare da danginsu a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta, maimakon kulle su. Galahanga ba taɓin hankali ba ce, amma darasin ɗaya ne.

Haƙiƙa zaman ƙauye yana da abubuwan da suka dace da mai wannan hali. Rana a tsare take, salloli biyar sun yanka ta, aikin gona yana bin damina da kaka da rani ba sauyi. Gaisuwarmu doguwa ce amma hanyarta ɗaya, ana iya haddace ta. Sunkuyar da kai gaban babba, wanda Bature zai ɗauka alamar ciwo, mu ladabi ne. Kiwo, ɗinki, saƙa, gyaran waya, awo a kanti, rubutun allo, duk sana'o'i ne masu son natsuwa da maimaici. Inda gizo ke saƙa shi ne ciniki. Kasuwarmu ta taya-in-rage ce, ta rantsuwar da ba a nufi ba, ta "albarka" wadda ma'anarta a ƙara. Wanda yake ɗaukar magana yadda aka faɗe ta, dillali ɗaya ya ishe shi. Yanzu kuma ga wayar hannu da masu cire kuɗi a bakin hanya, ga 'yan damfara masu kira su ce daga banki suke.

Saboda haka maganar kuɗi ita ce ƙashin bayan al'amarin, kuma shari'ar da kotunanmu suke aiki da ita ba ta yi shiru a kai ba. Ayoyi na 5 da na 6 na Suratun Nisa'i sun hana a damƙa dukiya ga wanda ba zai iya tattalinta ba, sun kuma yi umurni a riƙa jarraba marayu, in an ga shiriya tare da su a miƙa musu dukiyarsu a gaban shaidu. Ku lura da jarrabawar nan. Malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa akan ba mutum kaɗan a ga yadda zai juya shi. Mu kuwa mun riƙe hanin mun watsar da jarrabawar. Sau nawa aka raba gado, wani wa ya ce rabon wane yana hannuna tun da ba shi da wayo, ba alƙali, ba takarda, ba shaida, shekara ashirin ba a sake jin labarin gonar ba? Shawarata ga iyaye ita ce su yi abin tun suna da rai. A yanka masa gonarsa ko a ware masa dabbobinsa a gaban shaidu, a rubuta. A zaɓi amintacce ɗaya da zai riƙa duba lissafi tare da shi, a kuma sa wani na biyu da zai riƙa duba amintaccen. Wanda yake da hali ya tuntuɓi malamai da Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato kan yadda ake tsayar da waƙafi. Ku ɗaliban shari'a, ga aikin hutu.

Sai aure. Mun saba da cewa a yi masa aure zai warware. Aure ba magani ba ne. Da yawa daga masu galahanga marar tsanani suna aure su zauna lafiya, galibi ma sukan zama masu gaskiya da riƙon alkawari fiye da mu. Amma a tambaye shi ko yana so, a kuma gaya wa yarinyar da iyayenta halinsa filla-filla, kada a rufe ta da zancen "shiru-shiru ne kawai". Wanda kuma ya ce ba ya so, a ƙyale shi. Rashin aure bai hana shi zama mutum ba.

Na yi ta cewa "shi", domin an fi gane halin ga maza, kusan ninki huɗu. Masana suna ganin akwai mata da yawa da ba a ganewa, a wurinmu kuwa dalilin a fili yake. Yarinyar da ba ta magana, ba ta ɗaga ido, ba ta son taro, sai a ce ta cika kunya, a yaba. Sai an kai ta gidan miji, ta tarar da uwar miji da faccaloli da kishiya, inda rabin magana habaici ne, sa'an nan a ce ba ta iya zama da mutane ba. Aure ɗaya, biyu, uku, ta dawo gida da sunan baƙin hali. Irin wannan mace sana'ar hannu da jarinta na kanta sun fi mata kayan ɗaki amfani.

Akwai kuma wani haɗari sabo wanda ya sa nake ganin maganar ba ta jira. A shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi sassan jiharmu, zukata sun cika da zargi. Ku ɗauka an tare saurayi a shingen 'yan sintiri a garin da ba a san shi ba, ana daka masa tsawa, shi kuwa ya kau da kai, ya ƙi amsawa, ko ya maimaita tambayar da aka yi masa, ko ya ruga saboda hayaniya. Me kuke tsammani za a ɗauke shi? Don haka duk wanda zai fara fita shi kaɗai, a sa masa takarda a aljihu mai sunan garinsu da lambar wani nasa, a koya masa miƙa ta, a kuma gabatar da shi ga direbobin tasha da 'yan sintirin hanyar da yake bi. Ɗaure shi a gida ba mafita ba ce. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a gidan mari na Rigasa a Kaduna a 2019, inda aka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, galibinsu kuwa danginsu ne suka kai su da hannunsu.

Ku ma'aikatan gwamnati, Dokar Hana Nuna Wariya ga Naƙasassu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga naƙasassu, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya. Sai dai in an ce naƙasa, idonmu kan tafi ga sanda da keke. Mai galahanga ba a ganin tasa, kuma a wurin ganawar ɗaukar aiki yake faɗuwa, domin ana auna fara'a da iya zance. Alhali a ɗakin ajiyar fayil, ko lissafin sito, ko ɗakin gwaje-gwaje, ko shigar da bayanai cikin kwamfuta, zai iya fin wanda ya kayar da shi. Abin da yake bukata ba ya cin kasafin kuɗi: a rubuta masa umurni a takarda, a ba shi tebur nesa da hayaniya, a sanar da shi kafin a sauya tsari, in ya yi kuskure a gaya masa kai tsaye ba da gugar zana ba. Ina kuma da yaƙinin cewa a ɗakunan kwananku na jami'a akwai irinsu, waɗanda kuke yi wa laƙabi kuna dariya.

Game da asibiti, mutumin Mandera sai ya biyo ta Boɗinga ya shiga Sakkwato kafin ya kai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko ya ƙetare birnin zuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Tafiyar tana da amfani, domin a tabbatar da abin da ke akwai, kuma farfaɗiya da yawan fargaba da ciwon damuwa sukan zo tare da galahanga, su kuwa suna da magani. Amma ba ƙwayar da take cire galahangar kanta. Duk wanda ya ce zai sayar muku da ita, a kwalba ko a ƙullin gari, kuɗinku yake so.

Zan koma ga matar baffana. Ban iya ba ta amsa ranar ba. Da kaka ta zo muka taru da 'ya'yanta, bayan gardama mai tsawo aka yanka masa gayauna, aka ba shi tumaki biyu, liman da mai unguwa suka sa hannu. Shekarar farko ya noma wake, ya kai kasuwa, aka saye shi rabin kuɗinsa, domin mai sayen ya rantse masa cewa haka farashi yake. Yayyensa suka ce ai ga irinta nan. Uwar ce ta hana a karɓe gonar. Shekara ta biyu ya sayi littafi, yana rubuta farashin da ya ji daga bakin mutum uku kafin ya buɗe buhu, kuma ba ya rage ko kwabo daga abin da ya rubuta, har wasu masu saye sun fara nemansa saboda mudunsa ba ya ha'inci. Har yanzu ba ya shiga kasuwa sai da sassafe kafin ta cika, har yanzu ƙanensa ne yake raka shi banki. Da na je bara, tsohuwar ta nuna mini ƙyauren kwano da ya saya ya sa wa ɗakinsa, da kwaɗonsa, mabuɗin yana rataye a wuyansa. Ta ce ko ita ba ta shiga sai ta yi sallama.